Irin Dawar da Ya Ƙi Tsirowa

Ranar Talata da hantsi Jemima ta ɗaga murfin faranti na bakwai a ɗakin gwajin iri, sai ta yi tsaye da murfin a hannu. Kwana goma ke nan da ta jera ƙwayar dawa ɗari a cikin jiƙaƙƙen yashi, kamar yadda ta yi a sauran farantan. Su sauran sun yi kore shar, tsiro har yana ture murfi. Wannan kuwa sai ɗaya nan ɗaya can, ragowar ƙwayoyin sun kumbura, wasu sun fara fitar da farin gashin ruɓa. Ta bi su da bakin biro ta ƙirga sau biyu, talatin da takwas. Ta buɗe faranti na takwas, wanda ta ɗebo daga buhuna iri ɗaya, ta sami arba'in da ɗaya. Ta ja kujera ta zauna.

Jemima ce mai gwajin iri a wani ƙaramin kamfani da ke gefen titi in an fita daga Bici. Manoma ne ke noma wa kamfanin irin gero da dawa da masara da wake, a kawo a tsince, a sa magani, a ɗinke cikin ƙananan buhuna masu kilo biyar, sannan a kai wa masu shaguna, ko manomi ya zo ya saya da kansa. Ma'aikatan ba su wuce ashirin da biyar ba, kuma kowa ya san sunan 'ya'yan kowa.

A da, kowane ɗaki da littafinsa. Mai sito na da nasa, masu sayarwa na da nasu, direbobi na rubutu a bayan duk kwalin da suka tsinta, Jemima kuma na da wani babba mai baƙin bango. In aka tambayi buhu nawa ya rage sai a sami amsa uku, kowa kuma ya dage tasa ce daidai. Shekara biyu da suka wuce shugabar kamfanin, Hajiya Ramlat, ta gaji, ta kawo wata manhaja da masu ita ke ce wa ERP. Wuri ɗaya ta haɗa komai: sito, ɗakin gwaji, sayayya, sayarwa, motoci, har hutun ma'aikata. Abin da mutum ɗaya ya shigar ta kwamfuta ko ta waya, nan take sauran za su gani. Duk tarin irin da ya fito daga gona ɗaya sai a ba shi lambar rukuni, a manna wa kowane buhu takardar da waya ke karantawa. Manhajar ce ma ta tuna wa Jemima cewa rukuni na goma sha huɗu ya cika wata uku da gwajin farko, a sake gwada shi. Ba don haka ba babu abin da zai mayar da ita kansa, don a watan Fabrairu casa'in da biyu ya ba ta.

Ta jawo kwamfuta ta nemo rukunin, ta kulle shi. Daga wannan lokacin sito ba zai iya fitar da ko buhu ɗaya ba, masu sayarwa ma ba za su iya sayar da shi ba.

Ko minti biyar ba a yi ba sai ga Malam Muntaka mai sito a bakin ƙofa, wayar kamfani a hannunsa, yana riƙe da ita nesa da jikinsa kamar ya kamo ɓera. Dattijo ne ɗan shekara sittin da ɗaya, siriri, hularsa kullum a karkace. Tun ranar da aka kawo manhajar ya raɗa mata suna Uwar Tsegumi, wai ko tari ya yi a sito sai ta kai labari ofis.

Ya ce, "'Yar Shago, Uwar Tsegumin nan taku ta hana ni loda mota. Sau uku ina nuna mata buhu tana ce mini a'a. Ga Hashimu can ya kunna mota yana jira."

"Ni na sa ta, Baba. Shigo ka gani."

Ba mahaifinta ba ne, amma tun tana tsumma take ce masa Baba. Mahaifinta, Shago, mutumin wani ƙauye ne a arewacin Bici, wanda sai da furfura ta fara fito masa ya bar addinin kakanni ya shiga coci. Shi da Muntaka tare suka yi ci-rani a Kano suna samari, suna dakon buhunan gyaɗa, ɗaki ɗaya, kwano ɗaya. Da Shago ya rasu, Muntaka ne ya riƙa leƙa gidan yana tambayar karatun yara, shi ne kuma ya hau keke ya kai wa Jemima labarin ana neman mai gwajin iri.

Ya sunkuya kan farantin ya daɗe. Ya tsinci ƙwaya ɗaya ya murje ta tsakanin yatsu, ta dame kamar tuwo. Bai tambayi komai ba, sai lambar rukunin. Da ta faɗa masa, ya goge yatsunsa a jikin riga, ya ce bari ya je ya sauke buhuna takwas ɗin da ya fitar, ya fita a hankali, ba irin shigowarsa ba.

Jemima ta buɗe tarihin rukunin, ta ga abin da ya sa jikinsa ya mutu. Komai na nan a jere: gonar da aka noma shi, ranar da aka tsince, ranar da ta gwada. Ranar biyu ga Afrilu kuma an ɗauke shi daga ɗaki na ɗaya an mayar ɗaki na uku, don sabuwar masara ta iso babu wuri. A gefe ga sunan wanda ya ɗauke, Muntaka. Kowa a kamfanin ya tuna ruwan da ya yi gaggawar sauka a tsakiyar Afrilu, ya zuba na awa guda ya ɗauke, zafi ya dawo kamar ba a yi ba. Ta san kuma kwanon ɗaki na uku ba lafiyayye ba ne. Ta ci gaba da bin duk abin da ya shafi ɗakin nan, shafi bayan shafi, ita kanta ba ta san me take nema ba, sai da ta gan shi. Ta ɗauki kwamfutar da farantin ta nufi ofishin Hajiya.

Ashe Malam Muntaka ya riga ta. Yana tsaye gaban teburin, hula a hannu, yana ba da labari da kansa. Ya ce washegarin ruwan ya tarar da buhunan sama da na jikin bango sun jiƙe, ya fitar da su rana, da ya ga sun bushe ya mayar, ya ce a ransa ai ba komai. Bai shigar da maganar cikin manhaja ba, bai kuma faɗa wa Jemima ba, don kunya da tsoron a ce ya tsufa.

Hajiya Ramlat mace ce mai kirki, amma bakinta na da kaifi in ranta ya ɓaci. Ta dubi farantin, ta dube shi, ta fara. Ta ce shekararsa goma sha tara a sito, ya fi kowa sanin abin da laima da zafi ke yi wa iri. Ta ce sunan kamfani ne a jikin buhunan nan, kuma manomin da ya shuka bai ga tsiro ba, ba buhu ya yi asara ba, damina ya yi asara. Malam Muntaka bai ɗaga kai ba.

Jemima ta jira ta numfasa, sannan ta ce, "Hajiya, a yi mini izini in nuna wani abu."

Ta juya mata kwamfutar. A sashen neman gyara akwai buƙata uku daga sito, ɗaya a Janairu, biyu a Maris, duk da irin rubutun Malam Muntaka mai cike da roƙo: kwanon ɗaki na uku ya huje ta gabas, don Allah a taimaka kafin ruwa. A gaban kowacce an rubuta tana jiran amincewar shugaba.

Hajiya ta karanta, ta cire tabarau ta goge, ta sake karantawa. Can ta ce, "Malam Muntaka, sa hularka ka zauna. Ashe laifin namu ne mu biyu, kuma nawa ya riga naka." Nan take ta danna amincewa, saƙon ya wuce wurin mai sayayya ya nemo kwano da kafinta. Daga nan ta ce sauran magana sai an dawo da iri, yanzu a gaya mata ina buhunan suke.

Aikin da a da zai ci mako ana buɗe littattafai, kafin shayin Hajiya ya huce an gama shi. Buhu ɗari da ashirin ne a rukunin. Arba'in da shida na sito, saba'in da huɗu sun fita. Hamsin da biyu na shaguna uku, a Bici da Minjibir da Rimin Gado, ragowar kuma na hannun manoma goma sha uku da suka zo suka saya da kansu. Manhajar ta nuna akwai wani rukunin dawa iri ɗaya, na goma sha tara, lafiyayye, wanda zai isa a musanya wa kowa. Ta nuna kuma in aka mayar da lodin masara kan ɗaya motar, Hashimu ba shi da aiki har Juma'a.

Masu shagunan ba su ba da wahala ba. Suka ce mutane gero suke nema tukuna, dawar na nan a jibge. Na Minjibir kaɗai ya sayar da biyu, kuma wa maƙwabcinsa, ya ce yanzu zai aika a karɓo. Manoman ne matsala. Shida suka ɗauki waya. Sauran bakwai, wasu a kashe, wasu ba ta shiga, wata lambar ma wani mai ɗinki ne ya ɗauka ya ce bai taɓa noma ba. Ga shi labari ya zo an yi ruwa mai kyau ranar Lahadi a wajen Rimin Gado. Hajiya ta ce Jemima ta bi mota, don ita za ta iya yi wa manomi bayani. Malam Muntaka ya ce shi ya jiƙa, shi zai je ya ba da haƙuri. Ba wanda ya hana shi.

Da la'asar ɗin ranar suka gama da na kusa da Bici. Laraba da sassafe suka ɗauki hanyar Minjibir a tsohuwar a-kori-kurar kamfani, Hashimu na tuƙi, Malam Muntaka a tsakiya gwiwarsa na karo da giya, Jemima a bakin taga da waya a hannu. Gonaki ko'ina an share an zuba taki tsibi-tsibi, gida na kallon gida, ba inda za ka duba ba ka ga mutum yana kallon sama ba.

A nan wani hali na Malam Muntaka ya yi rana. Duk manomin da ya zo karɓar iri a sito, akwai wani ɗan gurbi a manhajar da aka bari don ƙarin bayani. Kowa tsallake shi yake yi, ban da shi. Da yatsa ɗaya yake rubutu, harshe a waje, layi na jira, masu sayarwa na ƙorafin yana cika na'ura da hira. Yanzu Jemima ce ke karanta hirar da ƙarfi, Hashimu na bi. A gaban wani suna an rubuta gidan na bayan injin niƙa, kada a je da azahar, yana barci kuma ya iya faɗa. A gaban wani an ce a tambayi Joel mai gyaran keke, ba Joel na coci ba. Wani kuma an ce gadar garinsu ta karye, a bi ta wajen makarantar firamare. Hashimu ya yi ta dariya har yana dukan sitiyari, amma ko sau ɗaya ba su ɓata ba.

A kowane gida Malam Muntaka ne ke fara sauka. Ya yi sallama, a gaisa, ya ce shi ne ya bar iri ya sha ruwa, a yafe masa. Jemima ta nuna hoton farantin a waya, ta karanta takardar tsohon buhu, ta karanta ta sabon, a musanya. Wasu suka yi godiya. Mai faɗan nan ya yi faɗansa, ya ce da ya shuka fa, sannan ya sa aka kawo musu ruwa. Duk buhun da ta karanta, Hajiya na gani daga ofis, har ta turo saƙo cewa saura huɗu a hannun manoma, Allah ya ba da sa'a.

Ɗaya daga cikin huɗun na ƙauyensu Jemima ne, a hannun Goggo, yayar mahaifinta. A gaban sunanta Malam Muntaka bai rubuta kwatance ba, sai kawai: kada a je da yunwa, kada kuma a je a ƙoshe. Suka isa rana ta yi sanyi, suka tarar da ita tana ba awaki dusa. Ta ƙi sauraron maganar iri sai da ta shimfiɗa tabarma gindin tsamiya, ta kawo dambu da zogale da kunu. Tana zuba wa Malam Muntaka tana gaya wa Hashimu cewa wannan siririn da yake gani, da can in ya zo gidan nan sai ya cinye nasa ya cinye na Shago, har yau kuma ba ta ga inda abincin ya tafi ba. Shi kuma ya ce laifin mai girkin ne, da ba daɗi da ya daina zuwa.

Da Jemima ta yi bayani, Goggo ba ta yi mamaki ba. Ta shiga ɗaki ta fito da buhun, an farke bakinsa an sake ɗaurewa da tsumma. Ta ce tun mako guda da ya wuce ta buɗe, ta ji warin laima, ta tauna ƙwaya ta ji ba ta yi mata ba. Sai ta ajiye, ta ce za ta shuka nata na rumbu ta yi shiru.

Jemima ta ce, "Goggo, ai da kin faɗa mini, da mun sani tun mako guda."

"In faɗa wa? 'Yar ƙanena ce ke gwada iri a wurin. In ce irin bai da kyau, a ce ba ta iya aiki ba?"

Jemima ta yi dariya, idonta ya kawo ruwa. Ta yi ta lallaɓa ta har ta yi alkawarin nan gaba za ta faɗa, ko da a kunne ne.

Da Goggo ta shiga ciki ɗebo musu gyaɗa, Hashimu kuma ya tafi duba taya, Malam Muntaka ya daɗe yana wasa da cokali. Ya ce jiya da ya fita daga ɗakin gwaji, ya gama shawarar ajiye aiki, don ya ɗauka abin da ya ɓata kaɗai na'urar ke riƙewa. Shi har ya manta ya nemi gyaran nan sau uku. Sannan ya dube ta.

"Da ba ki ga roƙon gyaran nan ba fa? Da kin gaya wa Hajiya ni ne?"

Ta sunkuyar da kai. "Da na gaya mata, Baba. Da ciwon zuciya, amma da na faɗa."

"To madalla. Da kin rufe, da ni zan ji kunyar Shago."

Ranar Alhamis suka nufi Rimin Gado. Suka musanya na shago, suka sami manomi ɗaya mai buhu biyu a bakin kasuwa. Saura buhu ɗaya, na wani Malam Yahya, wanda aka rubuta a gaban sunansa cewa ba ya ji sosai, a yi magana da matarsa Aishatu. A gida maƙwabta suka ce suna gona. Tun daga nesa Jemima ta hango ramukan shuka a jere. Buhun kamfani na rataye a reshen gawo, babu komai a ciki.

Tsoho ne tukuf, ya kai tamanin, matarsa ma ba yarinya ba ce. Aishatu ta ce tun Litinin suka shuka, su biyu, don 'ya'yansu maza duk suna birni. Jemima ta durƙusa ta tona ramuka goma da yatsa. A wasu ta sami ƙwaya biyu sun fasa, a wasu ɗaya, a uku kuwa duk sun ruɓe. Ta gaya wa Aishatu gaskiya: da yake tsohon na sakin hannu wajen zuba iri, gonar ba za ta tashi a banza ba, amma za ta fito da giɓi da yawa, kuma abin da ya fito ba lallai ya yi ƙarfi ba. Aishatu ta kai baki kunnen mijinta ta maimaita masa.

Malam Yahya ya sunkuya da ƙyar, ya damƙi ƙasa ya matse, ya buɗe hannu ya duba. Jiya an sake yayyafi. Ya ce yau ƙasa na da laima, gobe ba ya ce ba, kuma shi da matarsa kwana biyu suka yi kafin su gama.

Malam Muntaka ya cire babbar rigarsa ya rataye kusa da buhun, ya tambayi inda sungumi yake. Akwai ɗaya a gindin bishiya, Hashimu ya tsallaka gonar maƙwabci ya aro na biyu. Su biyu suka shiga gaba suna sara ramuka a tsakanin tsofaffin. Jemima ta tuɓe takalmi, ta ɗaura zani kan siket ɗinta, ta ɗibi sabon iri a ƙwarya, ita da Aishatu suka bi baya suna zubawa suna rufewa da diddige. Rabonta da shuka tun tana sakandare, amma ƙafarta ba ta manta ba. Tsohon ma ya ƙi zama, ya bi layi ɗaya a hankali, yana gyara duk ramin da bai yi masa ba, mafi yawa na Hashimu.

Suka tsaya mazan suka yi azahar a inuwa, Jemima ta zauna da Aishatu suna shan fura daga ƙwarya ɗaya. Kafin la'asar sakaliya suka kai ƙarshen gonar. Malam Muntaka ya zube gindin gawo yana haki, yana cewa bayansa ya tuna masa da shekarunsa.

Sai a lokacin Malam Yahya ya yi tambayar da ke cinsa. Ya ce an sha sayar masa da abu marar kyau a duniya, amma ba wanda ya taɓa biyo shi har gona. Ta yaya suka san buhun nan a hannunsa yake, cikin duk mutanen ƙasar nan?

Malam Muntaka ya matsa kusa da kunnensa ya ce na'ura ce ta faɗa musu.

Tsohon ya gyaɗa kai. "Allah ya yi mata albarka. 'Yar gidan wa ce?"

Aishatu ta buɗe baki za ta gyara masa, Malam Muntaka ya ɗaga mata hannu, ya ce wa tsohon 'yar gidan Hajiya ce, akwai surutu amma ba ta ƙarya. Jemima ta sauko da buhun daga reshe, ta karanta takardarsa, ta rubuta a gurbin ƙarin bayani cewa an shuka, an sake shukawa, a dawo a duba bayan mako biyu. Da ta gama ta lura rubutun nata ya yi tsawo, har ta sa cewa gonar na gabas da rijiya, kuma Inna Aishatu ta iya dama fura. Ta bar shi haka.

A hanyar komawa Malam Muntaka ya yi barci, kansa na lilo yana sauka kan kafaɗar Hashimu. Jemima ta cire masa hular da ke shirin faɗuwa ta riƙe a cinya har Bici.

Kafinta ya gama kwanon ɗaki na uku ranar Asabar. Hajiya ta tara ma'aikata ta faɗi abin da ya faru, ta fara da nata laifin. Ta sa aka gyara manhajar yadda duk buƙatar da ta kwana uku ba amsa za ta riƙa damunta da saƙo kowace safiya, aka kuma buɗe wa sito wurin shigar da duk abin da ya sami kaya, ko ruwa ne ko ɓera. Malam Muntaka ya riƙe wurin nan da hannu biyu, har ranar da ƙadangare ya shiga ɗaki na biyu sai da ya rubuta. Da mako biyu suka cika Jemima ta koma gonar Malam Yahya, ta tarar dawa ta fito layi-layi, har ta yi yawa sai an cire wasu.

Cikin watan Yuli, ana tsakiyar damina, wani direban motar haya ya tsaya a ƙofar kamfani ya sauke ƙwarya rufe da faifai, ya ce daga wajen Rimin Gado aka ba shi. Ƙwan zabi ne a cikin ƙaiƙayi, sun kai arba'in. Malam Muntaka ya kai ƙwaryar sito, ya tsaya yana juya waya, don ƙa'ida ce duk abin da ya shigo sai an shigar da shi, ga shi ya duba ko'ina bai ga gurbin ƙwai ba. Ya zo ya tambayi Jemima, ta ce wannan ya fi ƙarfinta, su je wurin Hajiya. Hajiya ta leƙa ƙwaryar, ta ce a hura wuta a bayan sito.

Aka dafa, aka daka yaji, kowa ya zo ya ɗauki nasa, har mai gadi. Jemima na tsaye tana ɓare nata sai ta ji an taɓa jakarta. Malam Muntaka ne ke cusa wani ƙullin leda mai ɗumi a ciki, yana waige-waige.

Ya ce, "Na jikokina ne da ke gidanki. Kada ki cinye a hanya."